Yadda Ake Raba Ɗaki da Warin Rima da Funfuna

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, yawancin masu kira na aikin gyaran gida a Kano da Zariya kukansu ɗaya ne: ɗaki yana wari, an share, an goge, warin ya ƙi tafiya. Kafin in isa an riga an yi abubuwa uku. An banka turaren wuta har labule ya kama, an watsa bilic a bango, wani lokacin ma an kira mai fenti ya shafe baƙin tabon. Bayan mako biyu warin ya dawo, ya cakuɗa da ƙamshin turare, fentin kuma ya kumbura ya fara ɓarewa. Yaran da ke koyon aiki a hannunmu su ma nan suke fara dosa, domin ita ce hanyar da ke saurin faranta ran mai gida. An dai kashe maciji ba a sare kansa ba.

Funfuna abu ne mai rai. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska ko'ina, babu gidan da ba su shiga, kuma babu maganin da zai ƙarar da su. Abinci ba ya yi musu wuya: ƙura, takarda, katako, auduga, fata, har fentin bango. Abu ɗaya suke jira, ruwa. Wuri in ya jiƙe ya kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, sun soma tsiro. Warin da kake ji iskar da funfunar ke fitarwa ce yayin da take cin abin da ta hau. Saboda haka muddin warin yana dawowa, akwai inda ruwa ke zuwa mata, ko idonka ya gani ko bai gani ba. Aikin gaba ɗaya neman wannan ruwan ne. Wanki da ƙamshi daga baya suke zuwa.

Kada a ɗauki abin da wasa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan danshi da funfuna a cikin gine-gine, inda ta nuna alaƙarsu da tari, da cututtukan numfashi, da tashin asma. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Disambar 2020, binciken kotu kuma ya tabbatar a 2022 cewa daɗewa yana shaƙar funfunar gidan hayarsu ne sanadi. Jarirai, tsofaffi, masu asma da waɗanda ciwo ya raunana garkuwar jikinsu su ne suka fi shan wahala, kuma su ne suka fi yini a ɗaka.

Kayan da za ka tanada

- Takunkumin N95. Na ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin funfuna.
- Doguwar safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe gefen ido.
- Tocila mai haske sosai, da tsani.
- Farar leda mai kauri da salatif.
- Bokiti biyu, buroshi mai tauri, soso da tsummokara da ba za ka ji asarar zubarwa ba.
- Garin sabulu, farin khal, da bilic irin su Hypo ko Jik.
- Fanka ta tsaye, da manyan ledojin zuba shara.
- In da hali, ƙaramin ma'aunin laimar iska, wanda ke nuna lamba kamar agogo.

1. Bi warin har gindinsa

Ka rufe ɗakin ya kwana a rufe, da safe ka shiga daga waje kai tsaye. Hanci yana sabawa da wari cikin 'yan mintuna, don haka shigarka ta farko ita ce mai amfani. Ka ja sif da gado da kujeru daga jikin bango. Ka ɗaga ledar ƙasa ko kafet daga kusurwa, ka cire hotuna da agogon bango, ka leƙa bayan labule da ƙarƙashin katifa. Tocila kuma kwantar da ita za ka yi a jikin bango, hasken ya bi gefe, a nan ne kumburin fenti da gashin funfuna ke fitowa fili.

Ba kowane farin abu a bango ne funfuna ba. Akwai gishirin da ruwa ke kwasowa daga ƙasa da bulo, ya bar shi a fuskar filasta in ya bushe. Ka kankaro kaɗan ka ɗiga masa ruwa: gishiri narkewa yake yi, funfuna kuwa ba ta narkewa, sai dai ta dame. Gishirin ba ya wari, amma shaida ce cewa ruwa na ratsa bangon. Haka nan ka tabbata warin na rima ne. Kashin jemage a cikin silin, mushen ɓera, ko iskar masai da ke dawowa ta magudanar banɗakin da aka daɗe ba a zuba wa ruwa ba, kowanne warinsa daban, maganinsa daban.

2. Gano ta inda ruwan ke shigowa

A nan ne aiki ke gyaruwa ko ya lalace, don haka kada ka yi gaggawa. Ruwa yana shiga ɗaki ta hanyoyi huɗu, kuma kowacce tana barin alamarta.

Na sama shi ne yoyon rufi. Alamarsa tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa a silin, mai zobe-zobe, ko sawun ruwa da ya gangaro daga saman bango. Ka sani inda ya ɗiga ba lallai ne nan kwanon ya huje ba, domin ruwa yakan bi katakon rufi ya yi tafiya kafin ya sauka. Ka duba ƙusoshin da suka saki, da mahaɗar kwano, da inda rufi ya haɗu da katangar da ke ɓoye shi, irin ginin da ake yayi yanzu. Kwatamin da ke bayan irin wannan katanga da zarar ganye da leda sun toshe shi, ruwa cikin gida yake komawa. A gidan soro kuwa, indararo za ka fara dubawa: ko ya toshe, ko ya karye, ko gajere ne har ruwansa na zuba a jikin bango.

Na gefe shi ne ruwan da iska ke bugawa a bango, ya shiga ta tsaga ko ta gefen taga. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi shan duka, magabata ma shi suke fara yi wa yaɓe. Cikin wannan rukuni akwai bututun famfo da aka binne a bango. In jiƙon yana bangon da ya raba ɗaki da banɗaki, kuma ba ya bushewa ko da rani, to bututu ne ko tayil ɗin banɗakin, babu ruwan damina a ciki. Kada ka manta da bututun iyakwandishan da aka bari yana ɗiga a jikin gini.

Na ƙasa shi ne rima ta asali. Bango yana tsotsar ruwa daga ƙasa, jiƙon ya faro daga daɓe ya haura, yawanci bai cika wuce mita ɗaya ba, ya bar layi mai gishiri a inda ya tsaya. Ana samunsa a gidan da ba a shimfiɗa leda ko wani abin tare ruwa ba lokacin da aka zuba kankaren harsashi, ko gidan da aka gina a fadama da tsohon kududdufin da aka cike. Sau da yawa kuma ginin lafiyarsa ƙalau, sai dai an yi ta cikon tsakar gida ko an ɗaga titi har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu.

Na huɗu babu yoyo ko kaɗan, ruwan a cikin iska yake. Mutane da yawa suna kwana a ɗaki ɗaya tagogi a rufe, ana shanya wanki a ciki saboda ruwan sama, ana girki a kusa, tururin banɗaki na shigowa. Laimar nan sai ta kwanta a wuri mafi sanyi da iska ba ta kaiwa, wato kusurwa da bayan sif. Alamarta ɗigo-ɗigon baƙi a warwatse, da takalma da jakunkunan fata da suka yi fari.

In ka rasa bambance na ukun da na huɗun, ga gwaji mai sauƙi. Ka yanko leda kamar faɗin rabin sallaya, ka manna ta a bango ko daɓe, ka like gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a ƙarƙashin ledar, ko wurin ya yi duhu, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. In a bayanta ta taru, ta fuskar ɗaki, iskar ɗakin ce ta yi nauyi. Wannan ɗan gwajin ya sha hana mutane fasa filastar da ba ta yi laifin komai ba.

Akwai abin da ke ci mini rai a wannan gaɓa. Na sha ganin an ɗora wa uwar gida laifi, ana cewa ƙazantarta ce ta jawo wari, ko mai gida ya ce ɗan haya ne ya ɓata masa ɗaki. Bangon da ke shan ruwa daga harsashi, ko sau goma aka goge shi a yini sai ya yi funfuna. Ɗan haya ya ɗauki hoton wurin, ya nuna wa mai gida tun da wuri, domin gyaran rufi da harsashi ba nasa ba ne.

3. Tare ruwan

Ka fara da waje, kuma ka fara da mai arha. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, lita 3,000 zai zubar, cikin duro 15. In duk wannan a gindin bango yake sauka, babu fentin da zai cece ka. A sa kwatami da bututun da zai kai ruwan nesa, a zuba kankare zagaye da gindin gini mai gangara zuwa waje, a yashe kwata, a kwashe yashi ko bulon da aka jingine a bango, a janye fulawar da ake ba ruwa kullum a jikin gini. In ƙasar waje ta yi tudu, a rage ta har ta koma aƙalla santimita 15 ƙasa da layin da aka tare ruwa a harsashi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Gidan ƙasa yana da hukuncinsa. Bangon tubali numfashi yake yi, yana shan laima yana sakinta. In ka lulluɓe shi da filastar siminti, ruwan da ya shiga ta sama ko ta tsaga ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye har wata rana filastar ta zubo da rabin bango. Yaɓe da makuba, da gyaran soro kafin faɗuwar ruwa, sun fi dacewa da shi.

Bangon da ya jiƙe kusa da soket kuwa, a kashe wutar ɓangaren kafin a taɓa komai.

4. Fitar da kaya ka tantance su

Kafin ka motsa komai, a fitar da yara da mai asma da mai juna biyu daga sashen, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna, a buɗe tagar waje. Ka sa takunkumi da safa da tabarau.

Ƙa'idar ita ce, abin da ruwa ba ya ratsawa ana wanke shi, abin da ya tsotse ruwa har funfuna ta shige cikinsa sai haƙuri. Ƙarfe, gilashi, roba, tangaran da katako mai ƙwari duk suna wankuwa. Katifar soso da ta yi baƙi har ciki, kafet ɗin da ya kwana biyu a jiƙe, kwali, silin da ya lotsa, da sif ɗin garin katako da ya kumbura, waɗannan ba sa dawowa. Na san zafin wannan magana, musamman in kayan ɗakin amarya ne da iyaye suka sha wahala kafin su haɗa. Amma katifa ɗaya da aka ji tausayinta tana iya mayar da warin cikin ɗakin da aka gama gyarawa, kuma a kanta ake ɗora fuska kowane dare. Abin da ambaliya ta jiƙa da ruwan kwata ko na masai, wannan babu shawara a kansa. A ƙulle abin zubarwa a leda tun daga cikin ɗakin.

Tufafi a kakkaɓe su a waje, a wanke da ruwan zafi in yadin zai jure, a shanya a rana har su bushe ƙarau. Fata a goge ta da tsumma mai ɗan sifirit, a busar a inuwa. Alƙur'ani da littattafai a tsayar da su a buɗe inda iska ke kaɗawa, in sun bushe a share funfunar da buroshi mai laushi a waje. In ɗakin ajiyar abinci ne, masara ko gyaɗar da ta yi funfuna ba ta ciyuwa ga mutum ko dabba, domin wani nau'in funfunar yana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

5. Wanke bango da daɓe

Kuskuren farko a nan shi ne kankare funfuna a bushe, ko share ta da tsintsiya. Yin haka watsa irinta ne cikin iska da huhunka. Ka fara jiƙa wurin da ruwan sabulu, sannan ka dirje da buroshi, ka ɗauraye da tsumma daga bokiti na biyu, kana sauya ruwan da zarar ya yi duhu. Dirzar ita ce aikin, domin matacciyar funfuna ma tana tayar da atishawa da asma, dole a cire ta ɗungurungum.

Bayan wanki, a kan tayil da gilashi da daɓen siminti mai santsi kana iya bi da bilic: kofi ɗaya, kimanin mililita 250, a lita 4 na ruwa, kada ya fi haka. Ka bar shi minti 10, ka ɗauraye. A kan katako da filasta mai shan ruwa bilic yaudara yake yi, yana kashe launin sama ya bar saiwar a ciki, ya kuma ƙara wa wurin ruwa. Katako ya fi son farin khal, a shafa a bar shi kamar awa guda, a goge, a kai rana. Kada a sa khal a kan mabul, yana cin fuskarsa.

Gargaɗin da nake maimaita wa kowane yaro: ba a haɗa bilic da komai sai ruwa. In ya haɗu da khal ko ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin yake fitarwa. In ya haɗu da abin da ke da amoniya, wata gubar ce daban. A ƙaramin banɗaki mara taga, wannan na iya kayar da mutum. Wanda ya ji idonsa na yaji ko ƙirjinsa ya ɗaure ya fita iska nan take, in bai saki ba a tafi asibiti.

Tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbestos ne. Ba a kankare shi, ba a goge shi da sanfefa, ba a fasa shi, domin ƙurarsa ta fi funfunar haɗari. Sannan in funfunar ta mamaye fiye da murabba'in mita ɗaya, ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ke bayarwa ke nan kusan, aikin ya wuce na mai gida shi kaɗai, a nemo wanda ya san shi.

6. Busarwa

Ɗaki yana bushewa ne in iska ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani. Ka buɗe taga da ƙofa masu kallon juna, ka ajiye fanka tana hura iska waje ta taga. Amma a damina lokaci ake zaɓa: a buɗe daga hantsi zuwa la'asar ranar da aka yi rana, a rufe in hadari ya haɗu da kuma da asuba, lokacin da iskar waje ta fi ta ciki laima. Mai iyakwandishan ya wanke matatarta, ya sa ta a yanayin busar da iska. In kana da ma'auni, abin nema shi ne lambar ta zauna ƙasa da kashi 60 cikin ɗari.

Kada ka kunna gawayi a kasko ka rufe ɗaki wai don ya bushe. Garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, irin wadda ke fita daga janareta. Risho da murhun gas kuma tururin ruwa suke ƙarawa a iska.

Fuskar bango takan bushe cikin kwanaki, cikinsa kuwa watanni yake ɗauka. Maginan Turai suna ƙiyasta wata guda ga kowane inci na kaurin bango. Ka maimaita gwajin leda, shi zai gaya maka gaskiya.

7. Filasta da fenti

Mu a arewa Allah ya ba mu hunturu, lokacin da iska ke bushewa har leɓe ya tsage. Wanki da tare ruwa a yi su nan take, amma filasta da fenti a jira Disamba ko Janairu. Filastar da gishiri ya cinye, wadda in ka ƙwanƙwasa take amsawa kamar ba ta manne ba, a sare ta har a wuce layin jiƙon da kamar taku ɗaya, a bar bulon ya sha iska, a sake da yashi mai tsabta da sinadarin hana ruwa a cikin kwaɓin.

Abin da ake yawan yi, a manna tayil ko a shafa fentin mai a ƙasan bango don a ɓoye rima, ba ya korar ruwan. Hanya kawai yake toshe masa, sai ya haura ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya fita ta ɗakin maƙwabta. Takardar ado da allunan roba da ake liƙawa a bango sun fi muni, domin funfuna na bunƙasa a bayansu ba mai gani, ga gam ya zama abincinta. Bangon da ya taɓa yin rima fentin ruwa ya dace da shi, wanda ke barin laima ta fita.

8. Ragowar wari da mayar da kaya

In ruwa ya tsaya, wuri ya bushe, ɗan warin da ya rage a labule, katako da cikin durowa yake. A wanke labule, a ciro durowoyi a kai su rana. Busasshen gawayi wanda ba a kunna ba, ko garin bekin soda a faranti, suna tsotse wari a rufaffen wuri ƙarami kamar sif, a riƙa sauyawa. Yanzu ne turaren wuta ke da amfani. In bayan mako biyu ka rufe ɗakin ya kwana, da safe ka ji warin ya dawo, akwai jiƙon da ba ka gano ba, sai ka koma mataki na 2.

Wajen mayar da kaya, a bar tazarar tafin hannu tsakanin sif da bango, musamman bangon waje. Katifa ta hau gado ko katako, kada ta kwanta a kan leda a ƙasa. Buhunan hatsi da akwatuna a ɗora su a kan katako. Ledar ƙasa kada ta koma sai daɓe ya ci gwajin leda. Wanda zai kulle ɗaki ya yi tafiya da damina, ya bar ƙofofin sif a buɗe, ya jingine katifa a tsaye, ya bar wa wani amintacce makulli ya riƙa buɗe tagogi sau ɗaya a mako ranar da aka yi rana, ya kuma leƙa silin bayan kowane ruwa mai ƙarfi.